Sauran Kuɗin Ayar Balaraba

Yayata Balaraba ta shekara ashirin da tara tana bin mace guda bashi, kuma duk Madarunfa babu wanda bai san da wannan bashi ba. Mai facin taya na bakin tasha ya sani. Masunta na bakin tafki sun sani. Idan ka yi kuskuren tambayarta ya kasuwa, to nemi kujera, domin sai ka ji yadda wata 'yar Jibiya mai suna Hajiya Ummulkhairi ta zaune mata a kan kuɗin aya, babu kunya babu tsoron Allah. Abin da baƙo ba zai lura da shi ba shi ne fuskarta lokacin da take wannan ƙorafi. Irin fuskar nan ce da matan garinmu suke yi idan suna ba da labarin ɗansu da ya gina gidan siminti a Yamai.

Ni ne ƙaninta, Habibu. Na yi shekara talatin ina koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko, a Gabi da Safo da nan cikin gari, har mutane suka manta sunana, sai dai Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransancin garinmu. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san cewa ɓarnar da za a ji nan gaba ba jahili ne ya yi ta ba. Mai ilimi ne, da takardarsa a bango.

Ita Yaya ba ta taɓa shiga aji ba. Shekarar da aka zo gidanmu neman yaron da za a kai lakwal, babanmu ya ɓoye ta a rumbu ya miƙa ni, domin ya duba ya ga ni ne rashina ba zai rage komai a gona ba. Ta fara da soyayyar aya a faranti, ta koma awo da tiya, ta kai ga buhu. Mijinta Ɗanlami direban babbar mota ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da tsohuwar taya ɗaya a tsakar gida. Da aya ta raine su, da aya ta aurar da su, da aya ta je Makka ta dawo da haƙorin zinariya. Ni kuwa da albashina na sayi keke.

Ta haɗu da Ummulkhairi ne a shekarar da aka karya darajar sefa. Wata Lahadi ta kai buhu biyu kasuwar Jibiya, sai ga wata siririyar mace mai saye wa masu kunun aya na Katsina. Ta tura hannu cikin buhu, ta ɗebo, ta yatsina fuska.

"Wagga aya ce ko tsakuwa?"

Yaya ta ce, "Tauna ki ji, in haƙoran naira za su iya."

Tun hantsi suke ciniki har aka kira azahar, kowacce tana rantsuwa cewa ɗayar ta zo kashe ta ne. Da aka daidaita, Ummulkhairi ta kwance bakin zane ta ƙirga, kuɗin rabin buhu bai cika ba. Yaya ta ce ta kawo wata Lahadin. Wata Lahadin ta kawo, ta ɗauki buhu uku, kuɗin buhu ɗaya bai cika ba. Tun daga ranar bai sake cika ba.

Wannan ba rashin kuɗi ba ne, kuma ba su suka fara shi ba. Haka uwayensu suka yi fatauci tsakanin ƙasashen nan biyu tun kafin a kafa shingen duwan, wato kwastan, a Ɗan Issa. Idan ka yarda da abokin ciniki, ba ka karɓar kuɗinka duka, shi ma ba ya biyan ka duka. Ya biya na wancan zuwa, ya ɗauki na yau, a bar wani abu a tsakani. Saura ake ce masa. Ba a rubuta shi, ba a tambayarsa, ba a kuma ƙarasa shi. Ana dai yin mita a kansa, mita kam dole ce.

Na taɓa ce mata, lokacin ina sabon malami kaina cike da alli, "Yaya, mi zai hana ta biya ki duka ku huta?"

Ta dube ni kamar yadda babanmu ya dube ni ranar da ya miƙa ni. Ta ce, "Mu huta mu yi mi? In ta biya ni duka, ran Lahadi mi zai kai ni wurinta? Mi zai sa ta ƙi sayen ayar wata ta tsaya jirana? Mai kanti na Maraɗi da ban san sunan uwatai ba, shi nike biya duka."

Na tafi ina tausayin wanda bai yi karatu ba.

Abin da na gani da idona a shekarun nan kuwa, ga shi. Da Yaya za ta aurar da 'yarta Jamila, Ummulkhairi ta zo da mota cike da kwanuka da robobi, ta kwana huɗu tana ba masu girki umarni kamar gidan ubanta, ba ta cire ko dala daga saura ba. Da aka yi wa Ummulkhairi aiki a asibitin Katsina, Yaya ta bar kasuwa ta kwana tara a kan tabarma a gefen gadonta. Ranar da aka sallame su, tana ɗaure mata kaya tana cewa, "To tunda ba ki mutu ba, sai ki tuna ina bin ki." Ummulkhairi ta yi dariya har ɗinkin ya yi mata zafi.

Kuma kada wani ya ɗauka son juna suke nunawa. Ban taɓa jin kalma mai daɗi ta fito daga bakin ɗaya zuwa ga ɗaya ba. Ummulkhairi tana kiran Yaya 'yar Faransa, Yaya tana kiranta 'yar Ingila, kamar yadda tsofaffin bakin iyaka suke kiran ɓangarorin nan biyu har gobe. Yaya ta ce naira takardar ƙunshe ƙosai ce. Ummulkhairi ta ce sefa kuɗin aro ne, mai shi yana Turai. Yaya ta ce a Najeriya ko sabulu sai an yi na jabu. Ummulkhairi ta ce to ki daina wanka da shi mana. A kan wannan suka tsufa, saura kuwa yana girma tare da su, har ya kai kuɗin buhu goma sha biyu. Da naira ake lissafinsa, tunda a Jibiya ake sayar da kayan, amma in an juya shi zuwa namu ya kai jika ɗari huɗu, wato sefa dubu ɗari huɗu.

Sai damina ta shekarar dubu biyu da ashirin da uku. Sojoji suka karɓi mulki a Yamai, maƙwabta suka yi fushi, aka rufe iyaka, aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, aka fara maganar za a turo mana sojoji. Yaƙi ke nan, tsakanin mutanen da in ka harba bindiga daga Magama sai ta sami surukinka a Ɗan Issa.

Ba a harba ko ɗaya ba, amma mun yi yaƙin sosai da baki. A cikin mako guda kowane mai shayi a Madarunfa ya zama masanin siyasar duniya. Samari suka yi jerin gwano a kan babura suna ihu ba ma buƙatar Najeriya, da man Najeriya a tankinsu, da takalman Najeriya a ƙafarsu. A can ɗaya ɓangaren ma, an ce mini, ana rantsuwa cewa yunwa za ta durƙusar da mu cikin wata ɗaya, ana rantsuwar ana cigiyar wake da albasa da raguna. A majalisarmu ta gindin bedi aka kwana biyu ana gardama kan wa ke bin wa. Wasu suka ce sun ji a rediyo ƙasarmu ba ta gama biyan kuɗin wutar ba. Wasu suka ce ai su ne ke shan ruwan kogin da ya ratsa ta ƙasarmu, in lissafi za a yi a fara daga nan. Na lura dai duk wanda ya fi ɗaga murya, shi ne wanda mai shayi ya fi bi bashi.

Manyan motoci suka yi layi a bakin shinge har kayan wasu ya ruɓe. Ƙananan kaya kuwa ba su daina wucewa ba, sun dai bar kwalta sun koma daji, a kan babura da amalanken jaki, kuma kowane buhu sai ya gaisa da mutum biyar kafin ya isa. Taliya ta yi tsada, magani ya yi tsada, ƙanƙara ta zama labari. Talaka a nan ya biya, talaka a can ya biya, waɗanda suka rufe iyakar kuwa ban ji an ce wani ya rame ba.

Yaya ta shiga yaƙin da ƙarfinta. Kullum sai ta kai salularta wurin mai caji da hasken rana, ta biya dala ashirin, don kawai ta aika wa Ummulkhairi saƙon murya.

"Ke 'yar Ingila, ki hwaɗa ma mutanenku su maido muna wuta. Zahi zai kashe mu."

Kafin la'asar amsa ta zo. "Ke 'yar Faransa, au, na manta, an ce kun kori iyayen gidan naku. To ku biya kuɗin wutar tukuna."

"Wa ke maganar biya? Ke? Allah mai iko! In sojojinku sun taso, ki ba su sauran kuɗɗina su taho mini da shi."

Sai ta kunna mana amsar a tsakar gida, ta sake kunnawa, tana tafa hannu tana cewa a ji marar kunya. A duk watannin nan ban ga abin da ya fi wannan sa ta nishaɗi ba.

Ni kuwa wani abu ne yake cina. Naira ta kama gangara. Duk safiya sai na tambayi 'yan canji, na dawo na zauna da takarda da biro. Jika ɗari huɗun Yaya ya koma ɗari uku da hamsin, ya koma ɗari uku. Kafin sanyi ya wuce ya kusa komawa ɗari biyu da ashirin. Tana zaune tana tsince aya, rabin dukiyarta yana narkewa a wata ƙasa, ita ko a jikinta.

Na kai mata takardar. "Yaya, duba nan. Kullum kina asara. In kuma yaƙin nan ya tashi, shi ke nan, ko dala ba ki gani. Ki ce ta turo miki kuɗinki ta hannun 'yan canji, in an buɗe iyaka ku ci gaba."

Ba ta ko ɗaga kai ba. "Mushe, ba a tambayar saura."

"Ko da zai ƙare?"

"Ita ma kuɗɗinta na can suna ƙarewa. Ka ga ta kira ni tana kuka? Ɗauke takardarka, kana tare mini haske."

Sau huɗu ina komawa. A na huɗun ta ce in ina son aikin yi in je in koya wa awakinta lissafi. Na fita raina a ɓace, kuma a kan hanya na yanke shawarar in ceci wannan baiwar Allah daga jahilcinta.

Ummulkhairi tana da ɗa, Al'amin, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya karanta harkar kuɗi a jami'a. Na kira shi. Masu ilimi biyu suka haɗu a waya, ɗaya da Faransanci a kansa ɗaya da Turanci, muka fahimci juna cikin minti biyar. Ya ce shi ma ya daɗe yana gaya wa Hajiya wannan tsarin nasu ba tsari ba ne. Sai ya tambaye ni, "Kawu, Inna Balaraba ce ta ce a turo?" Na san in na ce a'a maganar ta mutu. Na ce e, ita ta aiko ni, tana jin nauyin faɗa da bakinta ne. Na kashe waya ina jin kaina kamar wanda ya sasanta ƙasashen biyu.

Saƙon murya ya tsaya daga ranar. Yaya ta aika biyu, ba amsa. Ta ce ƙila layi ne.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, Lawali ɗan canji na Ɗan Issa ya tsayar da babur a ƙofar gidanta. Aikinsa ke nan tun da aka rufe iyaka: a ba ɗan'uwansa naira a Jibiya, shi ya ba da sefa a nan. Ya yi sallama, ya sauke wani ƙunshi daga bayan babur, ya ciro damin kuɗi daga aljihu.

"Hajiya, saƙo daga Hajiya Ummulkhairi. Jika ɗari huɗu da dala bakwai."

Na yi tsalle a raina. Ba da canjin yau ta biya ba, da canjin ranar da aka rufe iyaka ta biya. Ko dala Yaya ba ta yi asara ba.

Yaya ta dubi kuɗin ba ta taɓa ba. Ta nuna ƙunshin. "Wanga hwa?"

Lawali ya kwance. Buhunan Yaya ne, waɗanda aka juye ayarsu, masu alamar jan zare da take ɗinkawa a baki. An wanke su, an shanya, an ninke, an ɗaure da igiya. Har da wasu tsofaffi da suka shekara goma a Jibiya.

"Ta ce mi?"

Lawali ya sosa ƙeya. "Ta ce a ƙirga gaban shaidu."

Ni ne shaidan. Ni na ƙirga, da yatsun nan nawa masu ilimi, har dala bakwai ɗin na jera su a kan tabarma. Ina ƙirgawa ina jiran ta yi murna, ko ta yi zagi, wanda a wurinta duk ɗaya ne. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce wa Lawali an gode, ta kwashe buhunan ta kai ɗaki, ta bar kuɗin a tabarma har sai da matar ɗanta ta tattara. 

Daga ranar Madarunfa ta yi rashin labari. Ka ce mata ya kasuwa, ta ce alhamdu lillahi, ta wuce. Mai facin taya ya tare ni yana tambaya ko Hajiya ba ta da lafiya. Ita a ganinta maganar a fili take: Ummulkhairi ta bi gwamnatinta, ta rufe nata shingen. "Ashe da gaske take," ta ce mini wata rana. "Ni ina wasa, ita ashe yaƙi take."  Na ce bari ta huce tukuna.

Sau ɗaya ta gwada. Ta ɗora buhu shida na sabuwar aya a amalanke, ta biya kuɗin daji, ta ce a sauke a rumfar Ummulkhairi, kada a yi maganar farashi. Mai amalanke bai dawo gida ba sai da Lawali ya riga shi isowa, da kuɗin buhu shida cif, a farashin kasuwar ranar. Yaya ta karɓa ta ce, "To." Ragowar ayarta ta sayar wa 'yan Maraɗi, kuɗi hannu, mutanen da ba ta san sunan uwarsu ba.

Cikin azumi aka buɗe iyaka. Manya suka yi murmushi a talabijin, wuta ta dawo ta ci gaba da ɗaukewa don dalilanta na da, motoci suka hau kwalta. Ƙasashen biyu ba su daina harara ba, amma sun koma cin bashin juna, kowa ya samu abin mita. Su da suka yi barazanar bindiga sun shirya. Mata biyu da ba su taɓa yi wa juna komai ba sai alheri da baƙar magana, su ne suka rage a rufe.

Duk Lahadi Yaya takan yi wanka da wuri, ta ɗaura zanen fita, ta zauna a tsakar gida har rana ta take, sannan ta canza. Ina gani. Na ce zan faɗa mata bayan azumi. Bayan azumi na ce bari a yi shuka. Bayan shuka na ce bari babbar salla ta wuce, kada in ɓata wa mutane salla. Na koyar da yara shekara talatin cewa wanda ya yi kuskure a allo ya ɗaga hannu ya faɗa. Tsoro ne kawai ya hana ni, ba wani abu ba, tsoron tsohuwa mai tsince aya.

Mako biyu bayan salla Al'amin ya kira ni. Hajiya ta faɗi a rumfa, hawan jini, kafin a kai Katsina rai ya yi halinsa. Ni ya kira, ba ita ba, tunda ni ne abokin fahimtarsa. Na je na faɗa mata. Ta yi salati, ta ce in nemo mota.

Mun isa ranar sadakar uku. Bayan addu'a Al'amin ya yi abin da ake yi: ya tsaya ya ce duk wanda yake bin marigayiya, ko take bin sa, ya zo ya faɗa don a sauke mata nauyi. Ya aika cikin gida ma a faɗa wa mata, tunda yawancin hulɗarta da su ne. Suka riƙa fitowa zaure ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a littafi. Mai itace tana bin ta na dami biyu. Wata mai kunun aya ta ce Hajiya na bin ta tiya goma sha biyar tun kafin azumi, ta faɗa tana kuka. Har mai kawo mata ruwa a kura yana da abin faɗa. Kowacce ta fito da ɗan abin da ya haɗa ta da marigayiya, aka rubuta sunanta kusa da nata.

Can sai aka ce ana kirana a zaure. Na tarar da Yaya tsaye gaban Al'amin, ta ja mayafi har goshi.

Ta ce, "Rubuta. Tana bi na jika ɗari da tamanin. Naira nike bin ta, ta biya ni da tsohon canji. Abin da ya hau ba nawa ba ne. Zan riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, duk Lahadi."

Wannan lissafin da ta ƙi dubawa a takardata, ashe yana kanta har dala.

Al'amin yaron kirki ne, abin da ya ƙara lalata al'amarin ke nan. Ya rufe littafin ya ce, "Haba Inna. Wallahi mun yahe. Ni da ƙannena duka mun yahe."

"Wa ya roƙe ku?"

"Inna, ita da kanta ta ce babu komai tsakaninku. Injin markaɗenta ta sayar ta cika kuɗin. Na ce mata ta biya da canjin ranar, ta ƙi. Ta ce in har Balaraba ta buɗe baki ta tambayi saura bayan shekara ashirin da tara, to ko dai wahala ta kai mata wuya, ko kuma ta gaji da ita. Ta ce ko wanne ne, ba za ta bari ki yi asarar dala ba." Ya share ido. "Ko da aka buɗe iyaka, duk Lahadi sai ta sa an share wurin da ake sauke buhunanki. Ba ta bari a ajiye kayan kowa a wurin."

 Yaya ta ce a hankali, "Ni na tambaya?"

"Ai Kawu Mushe ya kira ni, ya ce ke kika aiko shi, kina jin nauyi ne." Ya juyo ya dube ni don in gaskata shi.

Zauren nan ƙarami ne, ƙofa biyu gare shi, kuma na duba duka biyun. Yaya ba ta juyo ba. Na so ta zage ni. Na so ta ɗaga murya yadda duk Jibiya za ta ji, ta kira ni abin da babanmu ya ɗauke ni, domin zagin Yaya abu ne da na san yadda ake zama da shi. Ta dai ce wa Al'amin Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ta koma cikin gida ta zauna da mata har la'asar.

A tasha na riga ta zuwa wurin direba na biya mana mu biyu, na roƙa mata gidan gaba. Na sayo mata ruwan leda da goro. Ta karɓa. A Magama aka duba takardu, a Ɗan Issa aka sake dubawa, muka canza mota, na sake biya. Duk tsawon hanyar ina shirya magana a raina, da gabatarwa da dalilai, na ɗaya da na biyu da na uku. Gero ya yi kore a gonaki dama da hagu, ita tana kallonsa ta taga.

Mun iso ƙofar gidanta rana tana shirin faɗuwa. Na ce, "Yaya, don Allah ki saurare ni."

Ta ce, "Tsaya tukuna."

Ta kwance bakin zanenta. Ta tambaye ni nawa ne motar Jibiya zuwa iyaka, na faɗa. Nawa ne daga Ɗan Issa, na faɗa. Ta haɗa da na zuwa. Ta sa ruwan leda, ta sa goro. Na ce haba Yaya, mi ye haka, ni ne fa. Ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta zuba takardu, ta bi su da 'yan silalla ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙirga, Mushe," ta ce. "Kai ka iya."

Na ƙirga. Ya cika.